Yatsan da Lalle Bai Taɓa Ba

Malam Nagoda tela ne a Tudun Wada, kuma mutum ne da in ya jiyo magana sai ya maimaita ta har kunnen kowa ya ƙoshi. Ranar da ya dawo daga taron iyaye na makarantar 'yarsa Bahijja, ko hula bai cire ba ya zauna a tabarma ya fara biya wa matarsa karatu.

"Sakinatu, ashe shiga jami'a ba yaro kaɗai ake shiryawa ba, har da mu iyaye. Madam Euphemia, shugabar makaranta, ta ce a je a ga wurin jarrabawa tun kafin ranar, kada kuma a bar yaro ya fita da yunwa. Sannan ta ja kunnen 'yan mata, kada wadda ta kuskura ta sa lalle."

"Lalle kuma? Me ya yi musu?"

"Akwai na'ura a bakin ƙofa. Sai ta gane zanen yatsan yaro kafin a bar shi ya shiga, lalle kuwa dusashe zanen yake yi. In ta ƙi ki, sai baɗi."

Bahijja tana gefe tana tankaɗe tana murmushi, don ita ma da ita aka yi taron. Buri biyu gare ta a duniya, kowa a gidan ya san su. Tana son karanta harhaɗa magunguna, tana kuma son Sharfaddeen, malamin lissafi a wata sakandare ta Dutsen Abba. Tuni manyansa suka kawo kuɗin gaisuwa, da sharaɗin sai ta samu gurbin karatu za a sa rana.

Ana cikin haka sai ga sallamar Fiddausi, autar su Sharfaddeen, 'yar ajin Bahijja. Ita ba ta je taron ba. Tana Sabon Gari da mahaifiyarta, Hajiya Ishatu, suna sayen kayan ɗakin yayarta Hanifa da za a aurar.

"Matar Yaya, albishirinki," in ji ta bayan ta gaida manya. "Jibi ne ƙunshin Anti Hanifa. Hajiya ta ce daga amarya sai ke, don dangi su san ki."

Bahijja ta tuna jarrabawar makon gobe ce. Ta ja ƙawarta gefe ta faɗa mata abin da aka ce a taro.

Fiddausi ta kwashe da dariya. "Haba, Madam da tsoratarwa. Biki guda a gidanmu a gan ni da farin hannu kamar mai takaba? Ke kin cika siriyos wallahi."

Inna Sakinatu ta ce wa 'yarta ta je ta yi wa Hajiya bayani a hankali. Faɗa da baki ba wuya. Amma wace budurwa ce za ta ɗaga ido ta jera wa uwar saurayinta magana a gaban dangi? Bahijja ko sunan Hajiya ba ta iya faɗa.

Ranar ƙunshi gidan ya cika da mata. Da aka gama wa amarya, Hajiya Ishatu da kanta ta ɗauko ƙwaryar lalle ta zauna gaban Bahijja, abin da ba ta yi wa 'ya'yan cikinta ba.

"Miƙo hannunki, 'yata."

Duk bayanin da Bahijja ta kwana tana shiryawa sai ya gudu. Ta cusa hannuwanta cikin hijabi, ta sunkuyar da kai. "Hajiya, a yi haƙuri," shi ne kawai abin da ya fito.

Wata gwaggo ta taɓe baki ta ce dama haka 'yan boko suke, lallen gida bai kai su ba. Hajiya ta ajiye ƙwaryar ta tashi.

Don ta ɓoye hawayenta, Bahijja ta koma taya Fiddausi ɗaure hannu da leda. An dambara wa Fiddausi jan lalle har kan farce, yatsa bayan yatsa. Bahijja ta dubi hannun nan, ta tuna yadda yarinyar ta rame da karatu. Sai ta faki ido ta goge lallen ƙaramin yatsan hagu tas, ta naɗe shi da leda kamar sauran.

Da aka kwance ƙunshi, yatsu duk sun yi jawur, guda ɗaya fari fat. Fiddausi ta saka kuka. Nan Hajiya ta yi magana, kowa ya ji.

"Kin ƙi namu, na yi shiru. Sai kuma ki ɓata wa 'yata nata? Tun ba a shigo ba ke nan."

Washegari bayan La'asar Sharfaddeen ya zo zaure. Bai zauna yadda ya saba ba.

"Hajiya ta ce a dakata da maganarmu," in ji shi. "Na yi mata bayanin na'urar, ta ce ba ta son jin ƙarya, tun kaka da kakanni lalle bai taɓa hana mace shiga ko'ina ba. Ta ce har na fara kare ki. Bahijja, me ya sa ba ki ce a yi miki a bayan hannu kawai ba?"

"Bakina ne ya ƙi buɗewa," ta ce, hawaye na zuba. "Wallahi ban raina Hajiya ba. In kana so gobe in je a yi mini lallen, in haƙura da jarrabawar bana."

Ya girgiza kai. "In kika yi haka, ni ne ba zan yafe wa kaina ba. Hajiya uwata ce, ba zan ɗaga mata murya ba. Ke ma ba zan bar ki ba. Ki riƙe littafinki, ni in riƙe lallashi, Allah ya riƙe mana sauran."

Malam Nagoda ya so ya sa babbar riga ya je ya maimaita wa Hajiya jawabin Madam daga farko. Inna Sakinatu ta hana shi, ta ce ba a tarar fushin uwa da zafinsa, kuma kada a ce suna tallar 'yarsu. Haka Bahijja ta yi kwanakin nan, karatu a gaba, kuka a ciki. Ta yi kewar Sharfaddeen ƙwarai, amma ko sau ɗaya ba ta faɗi baƙar magana a kan mahaifiyarsa ba.

Ranar jarrabawa, cibiyar jarrabawa ɗaya aka tura Bahijja da Fiddausi a wajen Kongo. Hajiya ta rako autarta a keke mai ƙafa uku, ta tsaya bayan shinge tare da sauran iyaye. Bahijja ta durƙusa ta gaishe ta, ta amsa da ƙyar tana kallon wani wuri.

Layi ya kawo kan Bahijja. Ta ɗora yatsa, na'ura ta karɓa nan take. Fiddausi ce a bayanta. Ta ɗora babban yatsa, na'ura ta ƙi. Ta goge shi a hijabi ta sake, ta ƙi. Aka gwada na hagu, aka gwada manuniya, duk a banza.

"Koma gefe, akwai mutane," in ji jami'in, ya nuna mata wani benci. 'Yan mata ne zaune a kai da jajayen hannuwa, suna ta sharɓar kuka.

Hajiya tana gani daga shinge. Ta dafe ƙirji tana salati. Sai yanzu maganar ɗanta ta dawo mata, ga shi kuwa bakin alƙalami yana shirin bushewa.

Bahijja ta riga ta sa ƙafa a ƙofa, amma ta juyo. Ita da kunya ta ɗaure wa baki a gaban dangi, yau muryarta ta fita har bayan shinge.

"Don Allah Malam, a gwada ƙaramin yatsanta na hagu. Ranar rajista duka yatsun aka ɗauka."

Jami'in ya yi tsaki, amma ya yafito Fiddausi. Ta ɗora farin yatsan nan da ta yi mako tana ɓoyewa a cikin mayafi. Na'ura ta yi ƙara, hotonta ya fito.

"Wuce," in ji shi.

Hajiya ta zauna daɓas a kan dakali, ta sauke wata ajiyar zuciya mai ƙarfi.

Da suka fito, rana ta take, Hajiya tana nan ba ta motsa ba. Fiddausi ta ruga ta rungume ta, amma Hajiya ta wuce ta kamo hannuwan Bahijja duka biyu.

"'Yata, ki yafe mini. Ana can ana faɗa wa iyaye abin da zai amfani 'ya'yansu, ni ina kasuwa ina cinikin kwanuka. Na zage ki a kan alherin da kika yi mini."

"Ni ma da laifina, Hajiya. Da na yi magana tun ranar."

"Kunya ce, na sani. Ni ma na yi ta."

Ranar Sharfaddeen ya zo zance da fara'ar da aka kwana biyu ba a gani ba, har Malam Nagoda ya tare shi a ƙofa ya biya masa jawabin Madam, ya saurara da haƙuri har ƙarshe. Bayan 'yan watanni sunayen 'yan matan biyu suka fito, aka sa rana.

Darasin ba ɓoyayye ba ne. Yaro ba ya shiga jami'a shi kaɗai, sai iyaye sun ba da kunne. Kunya ado ce, amma kada ta haɗiye maganar da za ta ceci wani. Wanda kuma ya yi alheri aka mayar masa da zargi, ya yi haƙuri, mahaƙurci mawadaci ne.

Ranar ƙunshin Bahijja, Hajiya ta aiko da roƙon a bar mata ta fara sa wa amarya da hannunta. Ta ɗebo lalle, sai ta tsaya.

"Kin tabbata babu wani taron iyaye da ban je ba?"

Mata suka fashe da dariya. Bahijja ta rufe fuska da mayafi, ta fito da hannuwanta duka biyu ta miƙa mata.