Gwiwar da Ta Ƙi Durƙusawa

"Ki durƙusa mana! Baffa ne fa a gabanki!" in ji Fatu da ƙarfi, don duk gidan ya ji.

Sumayyat ta dafa bango, ta ciji leɓe, ta yi ƙoƙarin lanƙwasa ƙafar hagu, amma ina! Wani zafi ya soke ta daga cikin gwiwa har tsakar kai. Marainiya ce, tun tana goye ƙanin mahaifinta Baffa Hayatu ya ɗauko ta ya riƙe a gidansa na Kolere. Yau ga shi ya kawar da kai, ya ce a hankali, "Bar ta. Ashe na yi renon mai girman kai ban sani ba." Wannan maganar ta fi ciwon yi mata zafi...

Da damina abin ya faru. Suna wanki a mayo, wato rafi, Fatu, babbar 'yar Baffa, wadda ta daɗe tana jin haushin yadda uban ke ji da marainiyar, ta ingiza ta a kan dutse mai santsi. Gwiwa ta gurɗe ta kumbura. Sumayyat ta ce zamewa ta yi, don kada ta haɗa uba da 'ya. Kumburi ya saɓe, amma ƙafa ta sandare. Fatu ta bi gida gida tana cewa lalaci ne da raini, har salla ma da gangan take miƙe ƙafa. Aka ƙara wa Sumayyat ɗiban ruwa da aikin gona, ƙawayenta suka janye jiki. Kullum in ta idar da salla sai hawaye. "Ya Allah, Kai ne shaidata..."

Ranar da ta faɗi da jarka a bakin hanya, Mama Miriyamu maƙwabciyarsu ce ta ɗaga ta. "'Yata, shirun nan ya isa!" Ta tare keke napep, ta matsa wa Baffa sai da ya bi su asibiti cikin garin Mubi.

Aka ɗauki hoton ƙashi. Likita ya ɗaga shi a haske, ya nuna wani farin abu siriri a gefen gwiwar na ciki. "Baba, ka gani? Jijiyar da ke riƙe gwiwa ce ta ji rauni, ba a kula da ita ba, har ta taurare kamar ƙashi. Yarinyar nan ta sha azaba. Amma da gashin ƙashi da motsa ƙafa a hankali, in sha Allahu za ta samu sauƙi."

Mama Miriyamu ta dubi Baffa, ta fashe da kuka. "Malam, daga gonata na ga Fatu ta tura ta. Yarinyar ce ta roƙe ni in rufa asiri."

Suna isa gida Baffa ya tara mutanen gidan. A gaban kowa ya sa Fatu ta faɗi gaskiya da bakinta, ya ɗora mata duk aikin da Sumayyat ke yi, ya kuma ce ta koma kowane gida ta ƙaryata kanta. Ta fita kai a sunkuye, mata na binta da kallo.

Sai tsohon ya zo ya zauna a ƙasa kusa da tabarmar Sumayyat, hawaye na bin gemunsa. "'Yar ɗan'uwana, ki yafe mini."

"Haba Baffa! Wallahi ban taɓa riƙe ka a zuciya ba."

Ya ɗora tafinsa a kan gwiwar, a hankali kamar mai taɓa jariri. "Gobe ni zan kai ki gashi da kaina."