Manyan Ƙudajen Tudun Kwaya

Ranar Laraba aka tsinci gawar Marwa a kan tudun yashi, gefen hanyar Kwaya. An fasa mata ƙeya, an karya hannun da ta kare kanta da shi. Da zanenta mijinta ya gane ta.

Mijin, Malam Hamisu, tsohon ma'aikacin lafiyar dabbobi ne a Magarya. Jama'a na salati, shi yana durƙushe yana tsince tsutsotsin da suka yi ɓawo cikin naɗin zanen, yana zubawa a kwalba. Aka ce ya zare.

Kafin jandarmomi su iso, mutane sun zubar wa Illa, ɗan kabu-kabun da ya ɗauke ta, haƙoran gaba. Jama'a ba ta wahalar da kanta da hujja.

Ajidan Wakili, shugaban jandarmomin, ya tsare Illa. "Ina ka sauke ta?"

"Bakin lambun Abdu, ranka ya daɗe, mijin ƙanwarta Sa'ida."

Aka kira Abdu. Ya rantse ba ta iso ba. Sa'ida na gefensa, leɓenta a fashe.

Illa na tsare har ranar da Hamisu ya dire kwalabe biyu a teburin Ajidan, cike da korayen ƙudaje.

"Malam, nan ba juji ba ne."

"Duba dai. Waɗannan ƙanana daga cikin kan akuya suka fito, wanda na ajiye a tudun. Tsutsar da ta tashi cikin zafi sauri take, sai ƙudan ya fito tsamurarre, fiffike gajere. Waɗannan daga zanen matata. Ka ga girmansu?"

"To?"

"A inuwa suka tashi, wuri mai sanyi da laima. Ba a tudun ta kwanta ba, daga baya aka kai ta. Da bazarar nan, ina ke da sanyi tsakanin nan da Kwaya?"

Ajidan ya daɗe yana kallon kwalbar. "Rijiya," ya ce.

A tsohuwar rijiyar lambun Abdu aka sami takalminta ɗaya da gatari, gashi manne da bakinsa. Sai ga bakin Sa'ida ya buɗe: Marwa ta zo tafiya da ita ne saboda duka, Abdu ya sare ta. Da wari ya tashi, ya jawo gawar, ya kai tudun a amalanke.

Abdu ya zaburo wa Sa'ida, aka buga shi da ƙasa. Aka saki Illa.

Hamisu ya koma gida. Littafinsa na nan a kife inda ya bar shi. Safiyar da za ta tafi, Marwa ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce, "Malam, raka ni mana, ina tsoron Abdun nan." Ya ɗaga mata yatsa, ya ƙarasa shafin tukuna. Da ya ɗago, babur ya tashi.

Abin da ya kamata ya ce mata ba shi da yawa: jira in sa takalmi.