Agogon Ƙirga Taku

Baban Auta tela ne. Daga safe har yamma yana kan keken ɗinki, kwalbar lemo a gefensa.

Wata rana ya dawo daga asibiti jiki a sanyaye. Likita ta gwada jininsa, ta ga alamar kumburi ta yi yawa. Ta ce ya rage zaƙi, ya riƙa samun isasshen barci, ya kuma riƙa tafiya a ƙasa kullum. Mama ta ɗaura masa agogo mai ƙirga taku.

Baba kuwa ko zuwa bakin titi ƙiwa yake ji. Auta ta tausaya masa.

"Baba, kawo agogon in taya ka," ta raɗa masa.

Kullum sai ta ɗaura a hannunta, ta yi ta tsallen igiya a bayan shago.

Mama ta fara zargi. Ta dubi agogo, ta dubi Baba. Sai ta ɗauki takalminsa ta juya shi.

"Taku dubu takwas, amma takalmi tas kamar yau aka saye shi? Baban Auta, a sama kake tafiya?"

Baba ya yi tari, ya shiga neman zare. Mama ta juyo kan Auta.

"Ke kuma me ya sa kike haki haka?"

"Wasa na yi, Mama."

Bayan wata biyu suka koma asibiti su uku. Likita ta duba sakamako, ta ɗaure fuska.

"Ga yawan tafiya, amma kumburi bai ragu ba. Ina tsoron ko wata cuta ce a ɓoye. Sai mun kwantar da shi mun bincika."

Idon Mama ya cika da hawaye.

"Ni ce!" Auta ta fashe da kuka. "Tsallena agogon ya ƙirga."

"Laifina ya fi nata," in ji Baba, kansa a ƙasa.

Likita ta dafa kafaɗar Auta. "Kin yi wa agogo wayo, 'yata, amma ba ki yi wa jininsa ba."

Tun daga ranar, Auta ke jan hannun Baba su zaga unguwa kowace safiya. A gwaji na gaba alamar ta sauka. Mama ta juya takalmin, ta gan shi buɗu-buɗu, ta yi dariya.

Auta ta gane cewa mai ƙaunarka ba ya taya ka ƙarya a kan lafiyarka. Raka ka yake yi ka samu sauƙi.