Zane a Wuyan Aljani

Da hantsi aka kira Insifekta Azman zuwa wani bene a unguwar Taman Melati. Alkasim, ɗalibi daga Kano, yana kwance rub-da-ciki. An soke shi da wuƙa a ƙirji da maƙogwaro, jini ya malale har bakin ƙofa.

Kusa da gawar akwai wani kati na wasan da matasa ke tarawa, ɗauke da aljanin tatsuniyar Japan mai jar fuska da dogon hanci. An fasa gidan robar da aka liƙe shi a ciki, an ja masa wuƙa a wuya daga gefe zuwa gefe.

Tuni aka tsare Encik Wong mai kedan kati, wato kantin sayar da irinsa, domin an ga sun yi cacar baki da mamacin kan Alkasim ya ƙi sayar masa da katin.

"Kai ka yanka katin?" in ji Azman.

"Ni, Tuan, ranka ya daɗe? Da safar hannu nake taɓa irinsa, lah. Da tsadarsa, ɓarawo ɗauke shi zai yi, ba yankawa ba."

"Amma kai aka gani kuna faɗa."

Wong ya fashe da kuka. Ya san hukuncin kisa na iya hawa kansa.

Azman ya tafi unguwar Pantai Dalam wurin Malam Abdulmajid, ƙanin mahaifin mamacin, mai karatun digirin ƙoli.

"Rabona da yaron tun wata ya kama," in ji Malam.

"Me ya sami hannunka?" in ji Azman, ganin bandeji a hannun Malam.

"Kifi nake gyarawa."

Matarsa Aminatu ta kawo shayi. Idon Azman ya sauka kan kalandar bango mai hotunan dabbobi. Damisa, giwa, biri, kowanne an ja masa layi da biro a wuya.

"Puan, uwargida, wa ke wannan zane?"

"Malam ne. A garinmu haka ake yi wa hoton mai rai, don kada ya hana mala'iku shiga ɗaki. Ko kwalin madara bai bari ba."

"Shiga ciki, Aminatu," in ji Malam.

Azman ya ajiye katin a kan tebur, ya cafke hannun Malam, ya fizge bandejin. Raunin ya buɗe, da ɓarɓashin roba a cikinsa. Malam ya wawuri butar shayi ya kwaɗa masa a goshi. Kafin ya kai ƙofa, kofur ɗin da ya rako Azman ya maka shi da ƙasa, haƙorinsa ya fita.

"Amana ubansa ya ba ni," in ji Malam, bakinsa na jini. "Na tarar ya kunna wa abin nan fitila, a saitin alƙibla. Yanka katin kawai na je yi. Ya shaƙe ni, ni baffansa, a kan takarda. Wuƙar na hannuna."

"Ka soke shi har sau biyu."

Malam ya tofar da jinin bakinsa.

Aka buga masa ankwa, aka sauka da shi. Azman ya share jinin goshinsa, ya buga waya ofis ya ce a saki Wong. Da ya waiwaya, Aminatu tana tsaye tana cire kalandar daga bango.