Ɗakin da Baiwa Ta Bari Ba Kowa

Rana ta yi ja a kan fadama lokacin da Baiwa ta sauka daga mota a Argungu. Ba ta yi niyyar zuwa ba. Tun la'asar take kiran kwamfutar masana'antar casar shinkafa ta Alhaji Zayyanu ta intanet daga gidansu na Nassarawa a Birnin Kebbi, kwamfutar ta ƙi amsawa. Dole ta bar 'yarta Fiddausi wurin kakanta, Malam Labbo, ta kamo hanya.

Ita ta haɗa wannan kwamfuta da hannunta. Babba ce guda ɗaya, amma a cikinta ta gina wasu ƙanana, kowace da aikinta kamar ɗakuna a gida ɗaya: ta sikeli, ta kyamarori, ta ofis. Da rubutaccen umarni take sarrafa su a kan baƙin allo. Ta kuma rubuta wasu umarni biyu masu aiki da kansu. Ɗaya ta sa masa suna Farkau, duk wadda ta mutu shi ke tada ta. Ɗayan Dako, da an yi magariba sai ya kwashi kwafin kowace ya tura kwamfutarta ta gida.

Baba Hodi mai gadi yana alwala a bakin ƙofa. Ya ɗago ya dube ta.

"Ɗiyata, ki bari sai da sahe. Ɗakin ga tun jiya nika jin ana wanka ciki."

"Baba, ɗakin da ko randa babu?"

"Shi ya sa nika ce ki bari."

"In an yi magariba aikina na tashi. Ba ni bari."

Ta karɓi makulli ta wuce.

Ɗakin yana can ƙarshen sito, bangonsa na kallon gulbi. Da ta buɗe, wari ya tare ta. Ƙarnin kifi ne da ruɓaɓɓiyar laka. Ta shafa ƙasa da takalmi, a bushe take. Ta yi bismilla ta zauna, ta rubuta umarnin da ke nuna kwamfutocin da ke aiki.

Uku ta sani. Huɗu suka fito.

Ta ƙura wa ta huɗun ido, sai ta tuna. Tun damina ta gina ta don gwaji, ba ta sa mata suna ba, ba ta ba ta aiki ba, ta manta da ita a kunne. Yanzu ita ke cinye ƙarfin babbar kwamfutar, uwarsu, duka. Baiwa ta yi tsaki, ta rubuta umarnin kashewa.

Ta mutu. Kafin Baiwa ta ɗauke hannu, ta dawo.

Ta sake kashewa. Ta sake dawowa. Farkau ne ke tada ta, aikin da ita da kanta ta ɗora masa.

Sai rubutu ya fara fita a allon, harafi bayan harafi, alhali hannuwanta na kan cinyarta.

"Kango muka samu. Mun shiga."

Daga nesa ladan ya ɗaga murya. A bayanta wani abu ya ɗiga. Ɗis. Ɗis.

Ba ta waiwaya ba. Ta jawo maɓallan ta rubuta: "Ba kango ba ne. Nawa ne. Ku fita."

"Ya yi mana kaɗan. Akwai wani a Nassarawa."

Kiran salla ya ƙare. A ƙasan allo wani layi ya buɗe. Dako ya tashi aikinsa, kuma da ta huɗun ya fara. Kwafin ya soma tafiya gida, inda ta bar kwamfutarta a buɗe kan tabarma, kusa da inda Fiddausi ke wasa.

Ta zabura ta zura hannu bayan uwar don ta tsinke igiyar sadarwa. Abin da ta taɓa ba igiya ba ne. Sanyi gare shi, da santsi kamar bayan tarwaɗa. Ya motsa a tafinta.

Ta fizge hannu.

"Baba! Kashe janareta!"

Ta ji gudunsa. Ƙugin janareta ya yanke, ƙwan fitila ya mutu, ƙofa ta rufe kanta a hankali. Allon bai mutu ba. Layin kwafi yana ta tsawo.

Sai ƙaramar lasifikar kwamfutar ta yi ƙara. Aka ji dariyar yarinya.

"Inna, wata na sallama. In buɗe?"

Muryar Fiddausi ce, har da ɗan tsamin bakinta.

Baiwa ta koma ta zauna. Abin da ya taso mata daga ciki ya fi tsoro zafi. Ta gyara zama, ta yi magana da ƙarfi, ba da rubutu ba.

"Ƙarya kike. Ɗiyata ba ta buɗe ma kowa ƙohwa sai ta tambayi kakanta. Ni na gina ɗakin ga, ni ka rushe shi."

Numfashi ya sauka a wuyanta, mai sanyi, mai ƙarni. Aka yi raɗa dab da kunnenta.

"Tashi."

"Ba ni tashi."

Ta fara Ayatul Kursiyyu, yatsunta na neman lambar Farkau don ta kashe shi. Maɓallan sun jiƙe. Ruwa ya kai mata idon sawu.

Wani hannu ya kama hannunta na dama. Dogayen yatsu, har sun zagaye tsintsiyar hannun sau biyu.

Ta ci gaba da hagu.

Harafi ɗaya. Wani. Ta yi kuskure, ta goge, ta sake.

Farkau ya mutu.

Riƙon ya ƙaru. Ta ji ƙashi na ƙara. Ruwa ya kai gwiwa. Layin kwafi ya wuce rabi.

Ta tsayar da Dako. Ta kashe ta huɗun. Wannan karon ba ta tashi ba.

Saura rushewa, har da ma'ajiyar bayananta. Allon ya tambaye ta ko ta tabbata.

"Inna, kar ki kashe ni," in ji muryar, tana kuka.

Baiwa ta rufe ido. Hawaye ya zubo. Ta danna.

Ƙara ta tashi kamar an tsaga tulu. Ruwan ya ja da baya da ƙarfi, ya ɗauke mata ƙafafu, ya maka ta da bango. Ƙofa ta ɓalle. Baba Hodi ya faɗo ciki da tocila da carbi, ya ja ta waje ta gyale.

Ƙasan ɗakin a bushe take ƙamas. Zanen Baiwa kuwa yana tsiyaya har gwiwa.

Alhaji Zayyanu ya ba da mota aka mai da ita gida. Ta tarar da Fiddausi a cinyar Malam Labbo tana cin tuwo. Yarinyar ta nuna kwamfutar da ke kan tabarma.

"Inna, wata mata ta leƙo ta nan. Kanta kaɗai ya shigo. Ta miƙo mani hannu, sai anka ja ta baya."

Baiwa ta kwance kwamfutar, ta ciro ma'ajiyar, ta sa a turmi ta daka da hannun hagu, mahaifinta Malam Labbo na tsaye yana karatu a kanta.

Alhaji ya so a toshe ɗakin da bulo. Baiwa ta ce sai dai a kore ta. Washegari ta koma da hannu a ɗaure, ta sake rubuta Farkau da Dako yadda ba za su taɓa wadda ba ta ambata da suna ba. Duk wadda ta gina don gwaji kuma, kafin rana ta faɗi ta rushe ta.

Karayar ta warke. Amma yatsun damanta sun zauna a yamutse, fari fat, kamar na wadda ta wuni a cikin ruwa. Da su take rubuta umarninta har yau.