Baƙin da Mujahid Ya Sauke

Rana ta kusa faɗawa bayan kogi, ana kaɗo awaki gida a Mai Wurno ta ƙasar Sudan, sa'ad da Mujahid ya janyo kwamfutar ƙanwarsa Nasiba bai ko tambaya ba. Aikin kammala jami'arta na ciki, manhajar rabon ruwan gona da za ta miƙa a Sinnar. Shi kuma wai injiniya ne, wani attajirin garin Rufa'a ya ba shi ɗan aiki, sai hura hanci yake.

Kowane mai rubuta manhaja ya san ƙa'ida: a keɓe wa aiki ɗakinsa cikin na'ura kafin a sauko masa da kayan aro daga intanet, a kuma faɗi zubin kowanne da ake so, tsoho ko sabo. Gogan naka ya ce wannan aikin ragwaye ne. Ya yi ta zubawa a tsakar na'ura, wannan ya jawo wancan, sababbi suka danne tsofaffin da aikin Nasiba ya jingina da su. Da ta buɗe nata, sai jan rubutun kuskure.

"Shabaka ce," in ji shi, wai laifin intanet ne, ko kunya babu.

Ana kiran magariba dutse ya faɗo kan rufin kwano. Wani ya biyo. Awaki suka yi tsit. Nasiba ta sulale ƙasa, idanunta a kafe, wata tsohuwar muryar namiji tana gurnani a ƙirjinta. Inna Asibi, uwarsu, ta fita ba takalmi ta kira malamin unguwa, Faki Salih.

Faki ya sa turare, ya daɗe yana karatu, sannan ya ce, "Wa ya kira ka gidan ga?"

"Zol ɗin ga," in ji muryar, tana nufin Mujahid. "Ni ɗai ya kira, ni ko ba ni tahiya ba dangi. Munka iske ba ɗaki ba ƙyaure, munka kori masu gida. Tambai shi sunan guda cikinmu."

Ko guda injiniya bai sani ba, sai Faki ya koma kan muryar.

"Mi kaka so ka hita? Zakara?"

Muryar ta yi dariyar raini. "Aje zakaranka, ya faki. A share duk abin da ya sauke, har aikin nai. A mai da na da, kowa ɗakinai. Halas, shi ke nan."

"To, aikina fa?" Mujahid ya faɗa, ƙanwarsa na birgima a gabansa.

Inna Asibi ta dube shi kallo ɗaya, ya durƙusa ya goge duka da hannunsa, ya mai da na da, yana gumi. Iska ta bugi ƙyaure ta wuce. Nasiba ta yi atishawa, ta tashi zaune.

"Sannu, Nasiba. Ba ki san abin da ya faru ba," ya ce, yana lallaɓa murya.

"Na ji ka, Yaya. Duk na ji."

Ta ja kwamfutar gabanta, ta sauya kalmar sirri yana tsaye a kanta.