Makirufon Doreen

Kyamara biyu, fitilu, naɗin waya, makirufo, da buhun citta da mahaifiyar Gershon ta ɗora mana a mota a Samaru Kataf.

"Na Doreen ne," ta ce, tana kallon wandon da ke jikina.

Ni ko tsinke ban samu ba. A wurinta, yarinyar da ta yi karatu a waje ta manta da durƙuso.

Gershon ke tuƙi. Shi ne daraktan shirinmu na manoma a wani ƙaramin gidan talabijin a Kafanchan, kuma Lahadi mai zuwa za a sanar da aurenmu a coci. Doreen, mai gabatarwa, ta riga ni zama a gaba.

Ni ke kula da ɗakin ɗauka. Muna isa na tara ma'aikata.

"Kowa da aikinsa. A gwada fitila da sauti kafin baƙo ya zauna. Masu kyamara, kunnenku na wurin darakta. Darakta yana sama gaban allunan da ke nuna hotunan kyamara, ba ya saukowa. Makirufo kuwa Gregory mai sauti kaɗai ke maƙala wa mutum."

"Mun ji, Madam Turai," in ji Doreen.

Ana gab da farawa ta shafa kwalarta.

"Gershon... abin nan ya sake zamewa fa."

Gregory ya miƙe. Bai kai gare ta ba sai ga Gershon ya sauko da sauri. Ya ɗage mata gashi, ya zura wayar ta bayan rigarta. Bai tambayi inda take ɗaura batirin ba.

Hannunsa ya sani.

"Milka, masoyiya, me ya faru?" ya ce da ya ga fuskata.

"Wa ke gaban allunan?"

"Haba... ɗan taimako ne."

"Da hayaƙi ya tashi a fitilar da ke kaina wancan watan, ta na'urar kunne ka ce in matsa gefe."

"Ai ke kin san aikinki."

Doreen ta yi murmushi, tana gyara ɗankunne.

Na raka shi har bakin ƙofa.

"Hau sama, darakta. Baƙonmu ya baro gonarsa saboda shirin nan."

"Milka, mu yi magana mana..."

Na rufe ƙofar. Jar fitilar ɗauka ta kama. Na danna maɓallin magana, yadda duk mai na'ura a kunne zai ji.

"A yi shiru, za mu fara. Gershon, shirin nan zan kai shi ƙarshe. Ka gaya wa Fasto ya cire sunana ranar Lahadi."